Tsohuwar Taya a Rairayin Ibeju

Tun ladanin Eleko bai gyara murya ba
na kwance igiya daga ƙusa.
Tayar danfo ce, ta yi sanƙo,
Baba Adigun mai faci ya yar da ita bayan shago.
Na ce nawa? Ya ce ɗauke ta, ka rage mini sauro.

Ni ne Jatau, ɗan Malumfashi,
mai gadin filin da mai shi ya saya ya manta.
Shekara shida ina ƙirga itatuwan kwakwa,
ba su ƙaru ba, ban ragu ba.

Asabar ce ke kawo su daga cikin gari,
kwalkwali a ka, gora a ƙugu,
tayoyin kekunansu kamar damtsen ɗan dambe.
Amma rairayi bai san tsada ba.
Ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya,
suka sauka suna turi,
suna zagi cikin harsuna uku.

Morenike, ma'aikaciyar jinya,
ta zauna kan bencina tana zazzage takalmi.
Ta ce ta yi shekara bakwai a ƙasar sanyi.
Can, in ƙanƙara ta zubo kamar gari daga rariya,
ba mai jiran injin gwamnati.
Taya suke ja, ko katakon lodi,
ko tsohuwar ragar shinge,
su danne hanya da dare,
ta kwana, ta yi tauri, safiya a hau.

Ni ƙanƙarar da na sani
tana cikin kular mai zoɓo.
Amma na ji zancen:
abin da ya yi sako-sako, a danne shi, a ba shi dare.

Sai dai nan komai a juye yake.
Ruwan sama ne ke ɗaure mana ƙasa,
rana ce ɓarauniya.
Don haka nake kwana da kunne ɗaya a kwano,
da ya ɗauke, in ɗaura taya a bayan kekena.
Bulo biyu nake sa mata a ciki.
Na taɓa sa uku,
sarƙa ta tsinke, na sha ƙasa,
wata kaguwa ta fito rami tana kallona.

Inda taɓo ya buɗe baki
na ciyar da shi ɓawon kwakwa.
Inda ruwa ke yanka hanya
na jera buhunan siminti cike da yashi,
na shimfiɗa ganyen kwara a kai.
Igiya kaɗai na saya.
Sauran duk bola ce ta ba ni bashi.

Asabar ta zo, ba wanda ya sauka.
Suka wuce ni fuu, kamar ba su taɓa turi ba.
Morenike ta ɗaga hannu ɗaya,
wani ya cusa mini kuɗin shayi.
Ban ƙi ba.

Abin da ban zata ba, Litinin.
Iya Abeke ta bi da baron kifinta,
yara uku kan keke ɗaya, da rigar makaranta,
na bayan yana riƙe da takalman duka.
Ba su san hanya tana da mai ita ba,
ban kuwa faɗa musu ba.

Jiya masu awo suka zo da jan fenti,
suka kafa dutse a tsakiyar kwanar
da na fi wahala a kanta.
Wai katanga za ta bi ta nan bayan salla.
Wace sallar, ba su ce ba.

Yanzu hadari ya haɗo daga teku,
iska na kaɗa ledar tagata.
Na duba ƙullin igiya, na ƙara masa ɗaya.
Bulo biyu suna bakin ƙofa.