Ajiyar Ari

Cikin bido mai yankakken baki Ari ya kawo ta
daga Komadugu, a bayan motar tattasai.
Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.
Ya ce, "Riƙe mini, sati biyu."
Bana shekara ta shida.

Ni mai yankan gilashi ne a Zango.
Na yanka mata ɗaki, ta cika shi.
Na yanka na biyu, juyi ya gagare ta.
Na ukun ne ya kori kujerar baƙi,
kamu huɗu, da yashi a ƙasa,
da tsingaron tulu inda take wuni.

Gartsa ake ce mata, kuma ba a banza ba,
tambayi yatsan jikana Tsalha.
Fatarta saƙar tabarma ce,
bayanta haƙoran zarto.
In na ƙirga ƙayoyin na sami sha huɗu,
gobe in sake, sha biyar.

Na taɓa jin tausayin kaɗaicinta,
na sayo mata 'yan karfasa bakwai daga Gidimuni
don ta sami abokan hira.
Talata bakwai, Laraba biyar,
ran Juma'a ita kaɗai,
kwance, ta dogara da hannuwanta biyu
kamar mai jiran a kawo ruwan wanke hannu.
Ban yi mata faɗa ba.
Ni na haɗa kura da tsaron awaki.

Amma ruwa!
Kowa ya san Damagaram da ruwa.
Ƙarfe ukun dare ake tashi a tari famfo,
ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
A watan bazara 'yan garuwa ba sa amsa gaisuwa,
ni kuwa bido shida duk Asabar.
Haɓsu ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi:
"Muna tsimin na alwala,
kai kana yi wa kifi sauyin wanka?
Kifin da ko a miya ƙaya ce zalla?"
Na ce ajiya ce.
Ta ce, "Ajiyar da ke cin hanta da tsutsa."

Tsohon ruwan nake zuba wa zogalenta.
Da zogalen ya wuce katanga,
maganar ta ragu, ba ta mutu ba.

In an ɗauke wuta, injin kumfa ya tsaya,
ba ta damu ba.
Sai ta taso a hankali, ta fasa fuskar ruwa,
ta haɗiyi iskar ɗakina, ta koma.
Cikin duhu ina jin wannan ƙaramar tsotsa,
in san mu biyu ke numfashi.

Wani dare na damina, hadari ya haɗo,
na manta murfi a buɗe.
Da asuba na same ta a tsakar gida,
jikinta duk ƙasa,
tana ja da ƙirji, kanta na fuskantar gabas.
Haɓsu ta ce alƙibla take nema.
Ni na san kogi ma can yake,
da Ari, in yana nan,
wanda lambarsa ta daina shiga tun shekara huɗu.

Na ɗauke ta da jiƙaƙƙen zane.
Ta fi yadda na zata nauyi.
Yanzu dutse ne a kan murfin,
guntun dutsen Birni mai ruwan toka,
kuma ban san me zan kira kaina ba,
mai masauki ko mai gadi.

Idonta ba ya gani sosai, da hanci take neman tuwonta.
Nawa idon ma ya soma hazo,
jiya na ɓata gilashin wani sau biyu.
An ce irinta na daɗewa.
Na fara koya wa Tsalha awon ruwa,
da yadda ake miƙa hanta ba tare da yatsa ba,
da abin da zai ce
in wani dogo mai warin tattasai ya yi sallama.