Kiɗan Masaƙa

Daga gadon Baba zuwa ƙofar ɗaki taku bakwai ne.
Na ƙirga. A da ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙar Kakuri,
inji goma sha biyu a ƙarƙashin idonsa.
In zare ya tsinke, kafin ka ce kwabo
yatsunsa sun ƙulla, injin bai ma sani ba.
Jatau Mai-ƙulli suke ce masa.
Yau maɓallin rigarsa ya fi ƙarfinsa.

Daga babban yatsa abin ya faro,
yana murza ɗan'uwansa a hankali, ba hutu,
har maƙwabta suka ce Malam ya riƙe wuridi,
ko carbi babu yana ja.
Sai hannu ya karɓa.
Kofin shayi ya koyi surutu a kan faranti.
Gwaggo Lantana ta ce iska ce,
ta zo da turare da rubutu cike da galan.
Wani a bakin masallaci ya ce ko ya fara sha a ɓoye.
Baba ya ji. Fuskarsa ba ta motsa ba,
don ita ma ta soma daskarewa
kamar tuwon da ya kwana.

A asibiti likita ta kama gwiwar hannunsa,
ta lanƙwasa, ta miƙar,
hannun na tafiya yana cijewa, yana saki, yana cijewa,
kamar sarƙar tsohon keke.
Ta ce ƙashi lafiya, tsoka lafiya,
can cikin ƙwaƙwalwa ne ɗan aike ya daina zuwa kan lokaci.
Baba ya ce, da muryar nan tasa da ta koma raɗa,
"Na san irinsa.
Injinanmu lafiya lau suke ranar da aka rufe ƙofa."

Rabin ƙwaya da safe, rabi da azahar.
In ta kama, awa uku muna da uba:
ya yi alwala da kansa,
ya yi mini faɗa a kan gishirin miya.
In ta sake shi, kafaɗa ta sandare
kamar igiyar da aka jiƙa ta bushe a rana.
Kuɗinta kowane wata sai ya ƙara tsayi,
haƙƙin sallamarsu kuwa har yau ana cewa gobe.

'Yata Ummita ta ce me ya sa Kaka yake fushi.
Na ce dariyarsa na ciki, sakata ce ta maƙale.

Bakin ƙofa, nan ne filin daga.
Taku shida zai yi, gajeru, yana sharar ƙasa,
a na bakwai ƙafa ta kafe kamar an dasa ta.
Ladan ya kira, an tayar, an sallame,
Baba na tsaye, gumi na bin gemunsa.
Ka ja shi, ya faɗi.
Ka ce "taho mana," ya ƙara kafewa.

Wata Laraba, ruwan Agusta na dukan kwano,
ina riƙe da cokali da tire, haƙurina ya ƙare,
na hau bugun tiren don kar in yi kuka.
Ya ɗago ido.
"Ba haka ba," ya ce. "Kin cika gaggawa.
Ƙoshiya takan je, ta dawo, sannan a buga."
Na sassauta. Je, dawo, bugu.
Je, dawo, bugu.
Ƙafar dama ta saurara, ta tuna, ta ɗaga.
Ta hagu ta bi ta.

Masaƙar tana can, ciyawa ta kai tagoginta,
na gan ta jiya daga cikin bas.
Amma kullum da asuba ana tayar da inji ɗaya
a gidanmu da ke Nasarawa,
tire ya lotsa, cokali ya lanƙwashe.

Yau ya ƙetare, bai waiwayo ba.
Daga tsakar gida na ji raɗarsa:
"Ƙara sauri kaɗan, Hansatu. Mun makara."