Rajista Mai Suna Ɗaya

A Taminus na saye ta,
mai bango ruwan ƙasa, layi arba'in a kowane shafi.
Mai shagon ya ce, "Hajiya, makaranta aka buɗe?"
Na ce eh.
Allah Ya so bai tambayi yawan ɗalibai ba.

Barira Tasi'u, shekara takwas.
Sauran layukan fili ne fetal.

Sau uku a zango guda aka kawo mini ita a goye,
yayyafin Agusta ya same ta a layin asambule,
sanyin Jos ya bi ƙashi ya zauna.
Sikila ba ta san ƙararrawa ba.
A na ukun na ninke yunifom, na sa a ƙasan akwati.

A ofishin ilimi na tarar da Madam Kachollom
tana ɗumama hannu da kofin shayi.
Ta karanta takardar likita har sau biyu.
Ta ce, "Doka ta ce yaro ya yi karatu,
ni kuwa ban taɓa ganin falonki ba.
Kada ki bari a goge sunanta a makarantarsu.
Ki kai ta jarrabawa ƙarshen zango.
Ranar da aka tambaye ki, baki ba shaida ba ne.
Rubuta. Rana, awa, abin da aka koya."

To, ina rubutawa.

Takwas daidai nake tsayawa bakin ƙofar falo,
in gyara murya kamar mai kiran mutum hamsin.
"Barira Tasi'u!"
Daga ƙarƙashin bargo: "Ina nan, Malama."
In ja ɗan karan nan da shuɗin biro.
Lissafi, minti arba'in, da dankalin Farin Gada:
goma sha biyu a raba wa mutum huɗu,
daga baya mu soye amsar.
Turanci, rabin awa, ni da ita duka muna tuntuɓe.
Kowace takarda kwanan wata a goshinta,
kowace takarda cikin fayil,
har wadda miya ta ɗiga wa.

Sai ga Nuwamba.
Kwana tara muna asibiti.
Da muka dawo, gidajen tara suna kallona, babu komai ciki.
Babanta ya ce, "Cike su mana, wa zai sani?"
Na riƙe biro har ya yi ɗumi.
Ai a gadon ma ta ƙirga ɗigon ruwan leda,
ashirin a minti, ta tambaye ni nawa ne a awa,
ta riga ni kaiwa dubu da ɗari biyu.
Wannan zuwa makaranta ne ko rashin zuwa?
Babu layin da aka tanada wa irin wannan.

Na zana sifili tara, ƙwai a jere.
A gefe, da ƙaramin rubutu: tana kwance.

Ƙarshen zango na naɗe rajista a leda,
keke ya sauke ni, na hau benen da ƙafa.
Madam ta lashi yatsa, tana juya shafi,
ta wuce karan biro ɗari ba ta ce uffan ba.
A kan sifilin ta tsaya.
"Yaya jikin nata yanzu?"
Ta sa hannu, ta buga hatimi a karkace.

Sai a hanya na lura da layi na biyu.
Da fensir, haruffa suna hawa dutse:
Malama Umma.
Ta bi kowace rana ta ja mini kara,
har kwana taran nan, duk ta ba ni.
Talata ɗaya ce kawai, ranar da gas ya ƙare,
ta rubuta mini: latti.