Sa Hannu a Valparaíso

Shekara goma sha ɗaya a bene na uku,
taga na kallon tashar jiragen ruwa,
ni ina kallon lissafi.
Inabi muke turawa ƙetare, kwantena bisa kwantena,
ko ƙwaya ɗaya ban taɓa kaiwa baki ba.

Wata Talata Don Evaristo ya shigo,
ya ajiye takardu bakwai gefen kofin shayina.
"Leontina, sa hannu kawai, banki na jira."
Na duba lambobin kwantenonin.
Na san su.
Tun watan Maris suka bar gaɓa,
an biya, an ci, an wanke hannu.
Ga su an sake haihuwarsu a takarda
don banki ya ba da bashi a kan iska.
Na ɗaga kai, ya yi murmushi.
Ban tambaya ba.

Kuɗin haya,
allurar ciwon sugan mahaifiyata,
takalmin makarantar Amaro,
su suka riƙe mini biro.
Haka na riƙa gaya wa kaina.
Bakwai suka koma arba'in da biyu,
hannuna bai ƙara rawa ba.

Yau mai gabatar da ƙara ta baje su a tebur
kamar mai shanya.
"Rubutun wa ke nan?"
Na ce umarni aka ba ni.
Na ce ko peso ɗaya bai shiga jakata ba.
Ta cire tabarau, ta dube ni ba tsana:
"Kin san babu kayan?"
Ɗakin ya yi tsit, har ina jin kukan tsuntsayen teku.
Na ce na sani.
Ta ce, "To wanda ya riƙe wa ɓarawo tsani
ba ɗan kallo ba ne a wurin doka."
Lauyana bai ɗago kai ba.

Don Evaristo na da lauyoyi uku,
sun ce shi sama-sama yake duba takarda,
ya amince da ma'aikata.
Gaskiya ne, sunansa ba ya ko ɗaya.
Tsuntsun da ya ja ruwa yana inuwa,
ni ruwan ke duka.

Da magariba na hau tudu zuwa gida.
Amaro ya tare ni da takardar makaranta,
za a kai su kallon gidan tarihi.
"Mama, sa hannu kawai."
Na zauna a bakin gado,
na karanta sau uku, har ƙananan rubutun ƙasa.
Yana tsaye da biro, yana jira.
Bai san me ya sa na daɗe ba.