Zanen Rairayi a Kwalkwalawa

Da hantsi muka gangara bakin Rima,
mu bakwai, ƙwarya bakwai.
Tumba ta ɗebo jar ƙasa a ramin magina,
Modi ya daka gawayi har ya koma kamar yaron maƙera,
ni kuwa toka na roƙo wurin mai ƙosai.
Ta ce, "Karatun jami'ar ke nan?"

Malam Jabbi ya kafa tsinke, ya ɗaura zare,
ya zaga sau ɗaya.
Ya ce, "Ɗazu wurin ga hanyar awaki ne.
To, ku dubi ƙafafunku."
Muka duba. Duk mun tuɓe takalma,
ba wanda ya ce a tuɓe.

Sai na tuna kakana a hanyar Illela.
In azahar ta riske shi a dawa
duwatsu biyar yake jerawa, ya ja layi da sanda,
ya shiga da ƙafar dama.
In ya sallame ya kama hanya,
ya bar wa ƙadangaru masallacin.

Muka durƙusa.
Rairayi na zuba ta bakin takarda, siriri,
kowa ya riƙe numfashi kamar mai bin bashi a gidan makoki.
Fari ya zagaye ja, baƙi ya ratsa fari,
garin kuka ya zauna a tsakiya, kore shar.
Ƙofa huɗu muka yi masa,
ta gabas ta fi faɗi, Inno ce ta nace.
Ana cikin haka Modi ya yi atishawa,
aikin sa'a biyu ya tashi.
Ba a yi masa addu'a ba sai daga baya.

Wani tsoho da jakin albasa ya tsaya.
"Mi kuka shukawa, ɗiyana?"
Muka ce ba komi.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya ja jakinsa ta gefe, nesa da layin.

La'asar sakaliya aka gama.
Mun ɗauki hoto, ba zan ɓoye ba,
amma inuwar kawunanmu ta cinye rabinsa.
Malam ya miƙo mini tsintsiya.
Na ce me ya sa ni?
Ya ce, "Ke kika fi so ya zauna."

Shara ɗaya, ƙofar gabas ta tafi.
Kafin ta goma ba ja, ba fari, ba kore,
sai launin ƙasar da muka tarar.
Muka kwashe cikin ƙwarya muka ba gulbi,
ya karɓa bai ko juyo ba.

Kwana uku jar ƙasa na maƙale a farcena,
kowace alwala na rage ta kaɗan.
Jiya na bi ta wurin.
Sawun awaki ne kawai, da ɓawon rake.
Duk da haka sai da na kewaye.