Littafin Ma'aji

Ni ne ma'aji, littafin yana hannuna.
Dubu ɗari da arba'in muka tara a Kakuri,
har da ɗari biyar ɗin Lantana mai ƙosai
da ta miƙo a dunƙule, duk maiƙo.

Muka ce a nemo mai zane
ya rufa wa katangar tsohuwar masaƙa asiri,
ta gaji da fitsari da hotunan 'yan takara.

Zama uku kwamiti bai ƙulla komai ba.
Alhaji Tanimu ya ce ban da fuskar mutum.
Baba Yohanna ya ce ban da kada,
garin nan ya ƙoshi da kada.
Samari na son ɗan ƙwallo.
Ni dai ina lissafin galan na fenti.

Sai ga Rahila Kantiyok da tsanin aro.
Mako biyu ba ta tsoma buroshi ba,
gida-gida take bi:
"Baba, ara mini hannunka in gani."
Na ce a raina, shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa.

Ruwan ma ya zo, na Agusta,
ya lashe rabin aikin cikin dare ɗaya.
Ta nemi ƙari. Na buɗe mata littafi, na rufe.

Ranar da aka yaye tamfol
babu fuska, babu kada.
Hannuwa ne, daga bakin kwata har kwanar bas,
zare ɗaya shuɗi yana ratsa su duka.

Baba Yohanna ya tsaya gaban mai yatsu huɗu.
Inji ne ya ci na biyar, a aikin dare,
shekarar da ake biyan albashi kan kari.
Hannun da ke kusa, mai tabon ƙuna,
shi ya ɗaure masa raunin da hularsa.
Alhaji Tanimu ya cusa nasa a aljihu,
ya ce rana ce ta shigar masa ido.

Na sami nawa can ƙarshe,
ya damƙe biro kamar za a ƙwace.

Daga baya Lantana ke gaya mini
wayarta yarinyar ta sayar a Kasuwar Barci
ta sayo shuɗin da ya ƙarasa zaren.

Daren jiya na sake buɗe littafin.
Shiga daidai, fita daidai, ko kwabo bai ɓace ba.
Na rasa layin da zan rubuta wayar.