Minti Ɗaya

Ɗakina da can ma'ajiyar tsintsiya ne.
Har yau in ruwa ya sauka a New Orleans
warin sabulun goge daɓe yakan taso daga bango.
Tebur ɗaya, kujeru huɗu, faranti cike da rairayi,
sai agogon da ke rataye a wuyana kamar laya.

Ba ni da aji nawa na kaina, aro nake yi.
In ƙwanƙwasa ƙofa, in ce,
"A ba ni Kendrell, minti talatin."
Ya taso yana jan ƙafa,
idanun 'yan aji na raka shi har bakin ƙofa.

Shekararsa tara. Ya fi kowa iya barkwanci,
don ya gano wanda ya sa aji dariya
ba a cika ce masa ya karanta layi na gaba ba.
Shekara uku yana karanta hoto,
yana tsintar kalma daga leɓen maƙwabcinsa.
Ba wanda ya kama shi. Ni na kama shi,
ya yi mako biyu bai gaishe ni ba.

Da b da d suke gaba:
tagwaye masu kaya iri ɗaya,
wannan ya rungume nasa, wancan ya goya a baya.
Na sa ya zana su cikin rairayi da yatsa,
ya furta, ya share, ya sake.
Ya tambaye ni don me Turanci zai rubuta harafi
sannan ya hana shi magana.
Na ce labarin da tsawo, kuma ba laifinka ba ne.

Makarantarmu kan yarjejeniya take zaune:
hukuma ta ba da kuɗi, mu mu kawo maki.
Shekara biyar, a buɗe takarda a duba.
In lissafi bai cika ba a sauke allon suna,
wasu su zo da sabon fenti da sabuwar riga.
Shi ya sa duk Juma'a shugaba Robichaux
ke leƙowa da kwamfuta a hammata:
"Malama Thibodeaux, kalma nawa a minti?"
Ba mugu ba ne. Shi ma da agogo a wuyansa.

Goma sha tara a watan Satumba.
Ashirin da shida kafin Kirsimeti.
Janairu ya koma ashirin da biyu,
don mai gida ya tashe su, sun canza unguwa.
Ran nan na daɗe a mota, goshina kan sitiyari.
Casa'in ake nema.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana,
amma su ba su taɓa cike fom ɗin hukuma ba.

Wata Talata ya shigo bai jira kira ba.
Ya zaro kwalbar magani daga aljihu, wayam,
ta kakarsa Odile, wadda yana ta rufe wa ido.
Ya ɗora yatsa kan takardar jikinta.
Na kai hannu ga agogo, sai na fasa.
"Ƙwaya... ɗaya... da... dare."
Ya ɗago kai. "Ita da safe take sha.
Jiya na gaya mata, ta ce in maimaita.
Ta kira mai kantin magani,
ya ce yaron nan ya fi ki gaskiya."

Kalma huɗu, ya fi minti a kansu.
Na bi takardar Juma'a sama da ƙasa,
ban ga gurbin da zan zuba wannan ba.
Na rubuta talatin da ɗaya, adadin makon ke nan,
na baje rairayin faranti da tafin hannu.
Goma da rabi ta yi.
Yesenia na can aji biyu tana jirana,
ita kuma wasula ne ke mata wasan ɓuya.